Wushiryar Mahaifiyarku

Masana tarihi sun ƙarar da tawada a kan mashigin teku da ratar da ke tsakanin duwatsu, wai ta nan rundunoni suka ratsa, dauloli suka faɗi. Ni ma na koyar da waɗannan darussa shekara da shekaru, alli a hannu, bulala a kan tebur. Amma yau da gemuna ya gama fari, ina shaida muku cewa babu wata rata a doron ƙasa da ta juya rayuwar ɗan Adam kamar wadda ke tsakanin haƙoran gaba guda biyu na mahaifiyarku, wadda faɗinta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Dalilinta na yi aure, in kuwa aka bi salsala, dalilinta kuka zo duniya.

Abin da ya sa na ware mata babi guda shi ne labarin da kuke bayarwa duk ranar Sallah idan an gama cin tuwo, wai a Riyad Mama ta ɓoye ciwon haƙori saboda tsoron allura, har sai da Baba ya kinkime ta zuwa asibiti. Kai Bashir ka fi kowa iya zuba masa gishiri, har da kwaikwayon tafiyata. To ban kinkimi kowa ba, bayana ma ba zai yarda ba. Kuma macen da ta haife ku, biyu daga cikinku a tsakar ɗaki kafin mota ta iso, ba allura ce za ta firgita ta ba. Na nemi izininta kafin in rubuta abin da ya faru.

"Rubuta mana, Malam," in ji ta. "Wa ya rage da zan ji kunyarsa?"

Bayan na yi ritaya daga koyarwa a sakandare, wani kamfani mai manyan ɗakunan ajiyar kaya a unguwar Sulay ta birnin Riyad ya ɗauke ni in riƙa koya wa ma'aikatansa Turanci. Na kama gida a Shumaisi, saman wani tsohon bene da matakalarsa ke warin albasa da turaren wuta. Da takardar zama ta fito, wadda a can ake kira iƙama, mahaifiyarku ta biyo ni, ku kuwa duk kun girma, muka bar ku a gida. Larabcinta na kasuwa ne, za ta iya tsayawa a kasuwar Dira ta ja da mai atamfa har ya ɗaga hannu ya ce halas, wato shi ke nan, amma da magana ta wuce ciniki sai ta waiwayo ni. Nawa Larabcin kuma na littafi ne, irin wanda idan na tambayi direban tasi hanya sai ya amsa mini da amin. Mu biyun in aka haɗa mu, muna yin mutum ɗaya mai jin Larabci.

Kun san matsayin wushiryar nan a gidanmu, don ku kuka fi shan wahalarta. Ranar da na fara ganin mahaifiyarku ta kawo mana ruwa a zauren yayanta, wani ya yi barkwanci, ta yi dariya, ni kuma na manta abin da ya kai ni garin. Tun daga nan na mayar da wushiryar kayan koyarwa, kamar yadda malamin labarin ƙasa yake rataye taswira. Ke Sadiya, ranar da na kama ki da man shafawa mai sa fari, me na ce? Na ce abin da Allah Ya ƙera ba ya neman gyaran hannu, ki dubi mahaifiyarki. Na faɗa a taron suna, na faɗa a ɗaurin aure, na ɗauko maganar na haye teku da ita, har 'yan gida da muke zama da su ranar Juma'a bayan la'asar suka haddace ta. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta. Na ɗauka kunya ce irin ta 'ya'yan manya. Haka kuma ba ta shan ruwan sanyi, ko a zafin Riyad da ke narka kwalta, sai ta ajiye kofinta ya huce daga sanyin. Wannan ma na samo masa bayani daga littattafan tsoffin likitoci, ina yi wa baƙi sharhi a kan hikimarta.

A tsakiyar bazarar shekararmu ta biyu da zama tare a can, gidan ya fara ƙamshin kanumfari. Ta daina cin nama, ta koma kunu. Ta daina zama mu ci abinci tare, wai ta riga ta ci a kicin. Sannan wata rana na dawo daga Sulay na tarar da ita da niƙabi a cikin falo. A waje dama tana sa shi kamar yawancin matan garin, amma a cikin gida, daga ni sai ita, wannan sabon abu ne. Ta ce iskar na'urar sanyaya ɗaki ce ke shigar mata hanci. Na duba lamarin da idon ilimi, na yanke cewa zaman ƙasa mai tsarki ne ya ƙara mata tsoron Allah, har na ji wani alfahari ya kama ni. A ƙarƙashin ƙyallen nan kuwa leɓenta na sama ya kumbura, kumburin ya haye kunci yana neman ido, tana fama da shi da ruwan gishiri da man habbatus sauda da ruwan Zamzam da wani maƙwabci ya kawo mana daga Umra.

Wadda ta gano ita ce Sista Hafsatu, 'yar Bauchi, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a ƙasan benenmu, mace mai murya kamar ta mai kiran layi a makaranta. Ta ga mahaifiyarku ta daina zuwa karatun mata, inda kowa ke ɗage niƙabi da an rufe ƙofa, sai ta hauro da hantsi bayan na fita. Ba na wurin, amma na ji labarin daga bakin su biyun, kuma bai saɓa ba sai a kan wadda ta fara kuka.

"Yaya Saude, tun yaushe muka fara niƙabi ni da ke?"

"Mura ce, Hafsatu."

"Murar da ke rufe ido ɗaya? Ɗaga in gani."

Da ta ɗaga, Sista Hafsatu ta yi salati, ta dafa mata goshi ta ji shi kamar murfin tukunya.

"Kin san abin da kike wasa da shi kuwa? Wannan ya kama hanyar ido. Daga ido kuma ina ya rage? Ɗauko abayarki, yanzu-yanzu."

"Ba zan iya ba. Likita za ta yi wata tambaya, Malam ne kuma zai fassara. Amsar kuwa bai san ta ba."

Sista Hafsatu ba ta tambayi kowace amsa ce ba, Allah Ya saka mata. Cewa ta yi:

"To a bar Malam a Sulay da ɗalibansa. In tari tasi, mu tafi ni da ke, ni zan yi miki tafinta. Abin da kunnena ya ji a wannan aikin, da ina faɗa, da rabin auren Shumaisi ya mutu. Naki ma zai bi sahu, ba mai ji."

Ku tsaya a nan ku duba da kyau, don nan ne labarinku na ranar Sallah ya kauce. An buɗe mata ƙofa mai faɗi. Za ta samu magani, asirinta ya zauna inda yake, ni kuma in ci gaba da laccata har kabari. Babu wanda zai zarge ta, babu ma wanda zai sani. Sista Hafsatu ta ce mahaifiyarku ta daɗe zaune tana murza bakin mayafinta, sannan ta ɗago da idon da ke buɗe.

"A'a. Kira shi. In dai sai bakin nan ya buɗe, baƙuwa ba za ta riga shi ji ba. Shi zai fara ji, sannan ya gaya mata."

Ina tsakiyar koya wa wasu direbobin motar ɗaga kaya bambancin jiya da gobe a Turanci wayata ta yi ƙara.

"Malam, ajiye allin ka taho gida."

"Lafiya dai, Sista?"

"Da lafiya ce da ka ji ni ina gaishe ka. Taho."

Ba zan kwatanta muku fuskar da na tarar ba. Abin da zan ce kawai, na zauna gida ɗaya da mace fuskarta ta kusa ninka kanta, ina yaba taƙawarta. Muka sauko da ita muka shiga mota. Sista Hafsatu ta kwatanta mana wani asibitin haƙori a nan cikin unguwa, ta yi waya kafin mu isa, aka shigar da mu ba tare da jiran layi ba.

Likitar 'yar Sudan ce, dattijuwa, tabarau a kan karan hanci, ba ta ɓata kalma. Aka kwantar da mahaifiyarku a kujerar nan mai fitila, ni na tsaya daga gefen ƙofa a matsayin miji kuma tafinta. Likita ta fara tambayoyi, yaushe ya fara, akwai zazzaɓi, akwai ciwon sukari, ina juyawa Hausa, ina mayarwa Larabci. Sai ta ce:

"An taɓa yi mata wani aiki a haƙora?"

Ban ma tsaya fassarawa ba. Na ce ko kusa, har na gyara tsayuwa zan ƙara bayani a kan halitta da gyaran hannu. Sai mahaifiyarku ta ɗaga hannu daga kan kujera. Bakinta da ƙyar yake buɗuwa, maganar tana fita ta gefe ɗaya.

"Malam, ni aka tambaya. Kai tafinta ne."

Na ce haka ne.

"Gaya mata wushiryar nan ba da ita aka haife ni ba."

"Hajiya, zazzaɓi ne ke sa ki..."

"Gaya mata."

Na sha koya wa ɗalibai cewa tafinta na ƙwarai ba ya cewa ta ce kaza, yakan ari bakin mai magana ne ya ce ni. Ban taɓa zaton ƙa'idar za ta kama ni a tsaye a bakin ƙofa ba. Na buɗe baki, da Larabcin nan nawa na mumbari, na shaida wa baiwar Allah 'yar Sudan cewa wushiryata ba da ita aka haife ni ba. Mahaifiyarku kuwa idonta na kan silin, ta ci gaba, jimla bayan jimla, tana tsayawa in fassara kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya shifta.

"Ina budurwa, wani mutum ya zo kasuwar garinmu da ɗan magagari a jaka. A lokacin duk yarinyar da ba ta da wushirya gani take ba ta cika mace ba. Ni da 'yar kawuna Dije muka bi shi bayan rumfar mahauta. Ya sa mini kara a baki na cije, ya yi ta gogawa har ya buɗa tsakaninsu. Dije ta ga jini ta gudu."

Na ce ina budurwa. Na ce na ciji kara. Likita ta kalli gemuna.

"Inna ta yi mini dukan da ya fi magagarin zafi, sannan ta ce kar in sake tada maganar har abada. Tun ranar ruwan sanyi bai ƙara shiga bakina da daɗi ba, yana taɓa su sai in ji har ƙwaƙwalwa."

Na fassara wannan ma, tsoffin likitocin littattafaina suna tsaye a bayana suna sunkuyar da kai.

"Gaya mata mijina bai sani ba."

Nan na tsaya. Na laluba duk nahawun da na haddace ko akwai wata hanyar da jimlar za ta bi ta kewaye ni, babu. Na ce da Larabci, mijina bai sani ba. Likita ta sauke tabarau ƙasa kaɗan ta dube ni ta samansa.

"Yanzu kam ya sani," in ji ta.

Wannan ban fassara ba, mahaifiyarku ta gane da kanta. Sannan ta ƙarasa.

"Gaya mata a wurin karatu na ji abin da malamai suka ce a kan masu goge haƙori don ado. Na tuba, ina kuma kan tuba. In za ta yi mini faɗa ta yi, na cancanta. Amma su biyun nan ne, na san su ne, shekara talatin da ɗoriya ina jiran ranar da za su rama. Ta cire su duka."

Ta cire su duka. Sai da na maimaita a raina kafin na iya fitar da shi da baki. Abin da ta shigo da niyyarsa ke nan tun daga gida, ta faɗi gaskiya, ta bar haƙoran a faranti, ta koma gida da giɓi wurin mutumin da ya cika duniya da labarinsu.

Likita ta ja safar hannunta ta ce:

"Gaya wa hajiya ni likitar haƙori ce, ba alƙaliya ba. Kakata da allura aka baƙanta mata leɓe tana yarinya don a ce ta yi kyau, kuma ban ga wanda ya kai ta ibada ba. 'Yan mata ko'ina 'yan mata ne. Ta buɗe bakin iya yadda za ta iya."

Bakin bai buɗu yadda ake so ba saboda kumburi, sai aka yi mata allura, wadda ta karɓa ko ƙifta ido ba ta yi ba, Bashir ka rubuta wannan ka ajiye. Aka ɗauki hoton haƙoran, aka ce mu ɗan jira a waje. Muka zauna a kujerun ƙarfe a ɓangaren iyali, ta mayar da niƙabinta, ni ina kallon takalmina.

"Ka yi shiru, Malam."

"Ina gyara darussan shekara talatin ne. Suna da yawa."

"Ka ji haushi."

Na bincika kaina da gaske, don ba ranar amsar ladabi ba ce. Akwai haushi, ba zan ɓoye muku ba, amma da na ɗaga shi na duba ƙarƙashinsa sai na ga ba ita yake nufi ba.

"Me ya hana ki gaya mini tun farko?"

"Yaushe? Ranar da ka fara zuwa zance, daga sallama har aka kira magariba kana yabonta. Ka bar mini wurin sa baki? Na ce bari a yi aure. Aka yi aure, ka gaya wa abokanka. Na ce bari a haihu. Aka haihu, ka fara yi wa yara wa'azi da ita. Daga nan ai ta tashi daga tawa, ta zama taka. Yaya zan ƙwace maka abinka?"

"Hajiya, wallahi ko da ba ki da haƙori ko ɗaya a baki, matsayinki a..."

"Kar ka fara, Malam. Ba ni da ƙarfin sauraren lacca." Ta juyo ta dube ni. "In an cire su za ka iya kallona?"

Na cire hulata na nuna mata abin da ke ƙarƙashi.

"Ke da wa kika yi shawara kafin ki ci gaba da kallon wannan sanƙon?"

Ta fara dariya, zafi ya katse ta, ta dafe kunci tana cewa Allah Ya isa tsakaninta da ni. A rayuwata ba a taɓa yi mini Allah Ya isa mai daɗin wannan ba.

Na karanta labarin jarumai da yawa, na kuma tilasta wa 'ya'yan mutane haddace sunayensu. Yawancinsu sun yi jarumtarsu ne ana buga musu ganga, jama'a na kallo, kuma babu hanyar gudu a bayansu. Mahaifiyarku ta yi tata da hanyar gudu a buɗe, tasi na jira, aminiya ta yi alkawarin rufa asiri. Tana cikin zazzaɓin da zai ba kowa uzuri, a ƙasar da ba tata ba, a harshen da ba ta mallaka ba, ta zaɓi mutumin da ya fi kowa wuyar gaya wa, ta sa shi ya faɗa da bakinsa don kada wata rana ya ce bai ji daidai ba. Duk wanda cikinku ciwo ya kama a wurin da yake jin kunyar nunawa, ko wata magana ta tsaya masa a maƙogwaro tana hana shi zuwa wurin mai magani, ya tuna da wannan kujera mai fitila. Jinkirin da ta yi kusan ya ci idonta, likita ta faɗa ba tare da sakaya ba, kada ku yi koyi da shi. Ku yi koyi da abin da ta yi bayan ta miƙe.

Aka kira mu muka koma ciki. Mahaifiyarku ta hau kujera ta yi bisimilla, ta kama hannuna ta rufe ido, ta shirya rabuwa da su. Likita ta matse ruwan ciwon, ta rubuta a yi mata ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi, sannan ta ɗora hoton a jikin fitila ta kira ni in zo in fassara.

Haƙorin da ya ruɓe yana can gefe kusa da turame, bakin tsinken sakace ne ya karye a cikin raminsa. Na gaban biyu kuwa, ta ƙwanƙwasa su da ƙarfe ta ce babu abin da ya same su.